Yadda ake haɗa yaran unguwa da iyayensu a yi bincike: ruwan sama, kududdufi da sauro

Duk wanda ya zauna a Zariya ya san su. Da zarar ƙarshen zangon karatu ya matso sai ka ga ɗalibai sun bazu cikin unguwa, kowa da ƙunshin takardun tambayoyi a hammata, "Baba don Allah minti biyar kawai", a tambaye ka 'ya'yanka nawa, ina kake ɗebo ruwa, sau nawa aka kwanta zazzaɓi a gidanka, a yi godiya a tafi, daga ranar ko mai kama da su ba za ka sake gani ba. Wata tsohuwa a layinmu nan Tudun Wada ta taɓa tsare wani saurayi a zaure ta ce masa, "Ɗan nan, kai ne na huɗu. Su ukun da suka riga ka, me suka gano?" Yaro ya yi ta sosa ƙeya, don shi ma bai sani ba.

Maganar tsohuwar nan ce ta sa na fara abin da zan koya muku yau. Ni malamin kimiyya ne a firamare, ba wani babban masani ba, amma damina biyu na yi ina wannan aiki da yaran layinmu, na yi kurakurai iya yi, don haka wanda zai fara yanzu ba sai ya sake taka inda na taka ba. Aikin shi ne a auna ruwan saman da ke sauka a unguwa, a zana inda ruwa ke kwanciya, a duba inda sauro ke ƙyanƙyasa, sannan a shiga gidaje a yi 'yan tambayoyi. Yara ne masu yi, manya na tsaye a bayansu, sakamakon kuma a unguwar zai fara sauka kafin ko'ina.

Kar wani ya ɗauka wasan yara ne fa. A Amurka tun shekarar 1900 mutanen gari ke fita ƙirga tsuntsaye duk ƙarshen shekara, har yau ba a daina ba, kuma masana da alƙaluman suke aiki. A can ɗin dai, a watan Yulin 1997 ambaliya ta yi ɓarna a garin Fort Collins na jihar Kolorado, da aka zo bincike sai aka ga wani gefen gari ya sha ruwa kamar da bakin ƙwarya wani gefen kuma kaɗan ya samu, ma'aunan hukuma sun yi kaɗan su nuna haka, shi ne a 1998 aka fara raba wa mutanen gari ma'auni kowa ya kafa a gidansa. Mu a nan ba sai an faɗa mana ba, sau nawa za ka baro Samaru jiƙe sharkaf ka iso Ƙofar Doka ka tarar da ƙura na tashi?

Mataki na farko: tambayar ta fito daga bakinsu

Nan ne na fara faɗuwa. Shekarar farko na zo da tambayata a aljihu, na tara yara na ce za mu binciki sauyin yanayi, suka yi min kallon wanda ke yaren China, sati biyu aka watse. Da na dawo shekara ta biyu sai na zaunar da su ƙarƙashin dalbejiya na ce kowa ya faɗi abu ɗaya da ke ba shi mamaki ko haushi a unguwar nan in damina ta faɗi. Sai ga magana kamar an ɓalle famfo. Wani ya ce me ya sa layin bayan masallaci ke cika da ruwa namu ba ya cika, wata ta ce me ya sa a gidansu kowa ke kwanciya zazzaɓi lokacin cin masara, wani ɗan ƙarami ya ce shi dai yana so ya san ina sauro ke zuwa da rana.

Ka rubuta duka a allo, kar ka yi wa kowace dariya. Daga nan ku tace tare, da sharaɗi biyu kacal: za mu iya aunawa ko ƙirgawa da kayan da muke da su? Kuma in mun gano amsar akwai wanda za ta amfana? Tambayar da ta tsallake waɗannan ita ce taku. Ɗaya ko biyu sun isa. In kun ɗebo biyar, ko ɗaya ba za ku kai ƙarshenta ba.

Yara 12 zuwa 16 sun isa rukuni ɗaya, masu shekara 9 zuwa 14, maza da mata. Kar ka zaɓi masu ɗaukar na ɗaya a aji kawai. Yarinyar da ke tallar ƙosai ta fi kowa sanin lungunan unguwa, almajirin da ke tsangayar layin ya san kowane kududdufi da sunansa, in malaminsu ya yarda ka saka biyu ko uku daga cikinsu za ka sha mamaki.

Mataki na biyu: neman izini, kuma a nan zan daɗe

Mutanenmu suna da dalilin yin ɗari-ɗari da duk wani mai zuwa da takarda ya ce bincike yake, musamman in ya shafi yara. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da aka sa yara kusan 200, wasu suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani yadda ya kamata ba, shari'a ta yi ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. A 2003 kuma kowa ya tuna yadda aka tsaya cik da allurar shan inna a wasu jihohin Arewa saboda rashin yarda. To wanda ya ga wannan da idonsa in ya tambaye ka "wa ya aiko ka?" ba rashin wayewa ba ne, haƙƙinsa ne.

Don haka ka bi ta ƙofa. Mai unguwa ne farko. Ka je da kanka, ka cire takalmi, ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka yi bayani a taƙaice: "Ranka ya daɗe, yaran nan ne muke so su auna ruwan sama su duba inda sauro ke haihuwa a unguwa. Ba allura, ba ɗiban jini, ba raba magani, ba kuɗin kowa a ciki. Abin da muka gano kai za mu fara kawo wa." Jumlar nan ta "ba allura, ba ɗiban jini" ka faɗe ta ƙarara tun kafin a tambaye ka. Daga nan sai liman, "Allah gafarta malam, in da hali a sanar bayan sallar isha'i." Sanarwar liman ɗaya ta fi takarda ɗari. Sai hedimasta ko shugaban Islamiyya in yaransa ne za ka ɗauka.

Sannan iyaye, gida-gida. Uba a zaure, uwa kuma ka tura mata malama ko matarka ko ƙanwarka, don sau da yawa uban zai ce "ba komai" alhali ita ce ta san yarinyar na da aikin da ba za a sake ta ranar Asabar ba. Ka rubuta 'yar takarda da Hausa, rabin shafi, mai cewa ga abin da za a yi, ga ranaku, ga lokacin dawowa gida, ga wanda zai raka su. Wanda ba ya karatun boko a karanta masa, ko a rubuta da ajami in akwai mai iyawa.

Akwai izini na ƙarshe da kowa ke mantawa, na yaron kansa. Uba ya yarda ba shi ne yaro ya yarda ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ce a saurari ra'ayin yaro kan abin da ya shafe shi, Najeriya ma ta yi dokar haƙƙin yara a 2003. Amma ko ba doka, yaron da aka tilasta wa aiki lambobin ƙarya zai cika maka littafi da su. Ka faɗa musu a fili duk wanda ya gaji zai iya bari, ba duka, ba rage maki.

In kuma kai ɗalibi ne ko malamin jami'a kuma kana da niyyar buga sakamakon, to sai ka bi ta kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku tun kafin ka fara, ba bayan ka gama tattara bayanai ba.

Mataki na uku: ma'aunin ruwan sama

Kayan aiki: gorar ruwa ta roba mai lita ɗaya da rabi, wadda jikinta ya miƙe ba mai ƙugu ba, rula, salatif, almakashi ko reza, tsakuwa, alƙalamin maka, da littafi mai layi.

Babba ne zai yanka gorar, daidai inda kafaɗarta ta ƙare jiki ya fara miƙewa. Saman da aka yanke a cire murfinsa a kifa shi cikin gorar ya zama mazurari, yana tara ruwa kuma yana rage wanda rana ke shanyewa. A zuba tsakuwa a gindi don kar iska ta kayar da ita, a zuba ruwa har ya rufe tsakuwar ya kai inda jikin gora ya daidaita, nan a ja layi da maka. Wannan layin shi ne sifili. A manna rula a jiki da salatif, sifilin rula a kan layin. Shi ke nan an gama.

Inda za a kafa shi ya fi haɗa shi muhimmanci. Fili ake so, nesa da katanga da bishiya da indararo, aƙalla nisan ya ninka tsawon abin da ke kusa sau biyu. A ɗaure shi a jikin turke ko a gina masa gurbi da bulo, a tabbata yana tsaye ƙyam. Kuma a ɗaga shi sama da inda akuya za ta kai. Namu na farko wata akuya ce ta shanye shi tas, yaron da ke kula da shi ya zo yana kuka wai ruwan jiya ya ɓace.

Kullum da safe a lokaci ɗaya ake karantawa, mu ƙarfe 7 muka tsayar kafin a tafi makaranta. Yaro ya durƙusa idonsa ya yi daidai da saman ruwan, ya karanta da milimita, ya rubuta, ya zubar da ƙarin har ruwan ya koma kan layin sifili. In rana ta shanye ya sauka ƙasa da layin sai a cika. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta 0. Ranar da aka manta ba a duba ba a ja layi kawai. Ka nanata musu wannan har su gaji da ji, don 0 daban, "ban duba ba" daban, kuma yaro in yana tsoron faɗa zai rubuta 0 ya rufe laifinsa. Ni abin da na yi, na ce duk wanda ya ja layi ya faɗi gaskiya na fi yaba masa a kan wanda littafinsa ya cika fal.

Ga wani lissafi da ke burge yara: milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan kowane murabba'in mita. Kenan ɗakin da rufinsa ya kai mita 4 sau mita 5, in aka yi ruwan milimita 20, lita 400 ne suka zubo daga kwanon, jarka 16 kenan mai lita 25. Ranar da na yi wannan lissafin a allo wata yarinya ta ce, "Malam, kenan jiya mun bar kura guda da ƙari ta tafi kwata, yau kuma Inna ta saya a hannun ɗan garuwa." Ban ƙara mata komai ba.

Zariya na samun wajen milimita 1,000 zuwa 1,100 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, Agusta ne kan gaba, lokacin marka. Don haka a kafa ma'auni tun Afrilu. Kuma kar a tsaya a guda ɗaya, a yi uku ko huɗu a gidaje daban-daban, in da aboki a Gyallesu ko Sabon Gari ko Wusasa ko cikin Birni a ba shi ɗaya, duk ranar Asabar a kwatanta. Gorar roba ba za ta kai ingancin ma'aunin da ke tashar yanayi ta cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru ba, kowa ya sani, amma su tashar ɗaya ce a wuri ɗaya, ku kuwa kuna ko'ina.

Mataki na huɗu: taswirar unguwa

Kar a fara da takarda. A share fili a tsakar makaranta, a ja layukan unguwa da toka, dutse ya zama masallaci, gwangwani ya zama rijiya, ganye ya zama kududdufi. A bar yara su yi ta gardama, "ba nan kwatar ta bi ba", "wallahi nan ta bi", gardamar ita ce aikin. A gayyato manya biyu uku su duba, musamman ɗan garuwa da wata dattijuwa da ta daɗe a unguwar, ita ce za ta ce muku wancan gidan da kuke gani a kan tsohon kududdufi aka gina shi, shi ya sa layin ke ambaliya. In an daidaita sai a kwafe a babban kwali, a ɗauki hotonsa da waya don ko kwalin ya jiƙe.

Kowane wurin da ruwa ke kwanciya a ba shi lamba. K1, K2 na kududdufi, T na tarin taya wajen mai faci, R na ramin da aka ɗebi ƙasar gini, haka dai.

Mataki na biyar: farautar 'ya'yan sauro

Wannan ne yara suka fi so, kuma shi ne ya fi haɗari, don haka dokoki tukuna. Ba mai shiga ruwa, ko da ƙafa ɗaya. Kududdufi na cin yara duk damina, ban da haka ruwan kwance mai dodon koɗi shi ke kawo tsargiya, fitsarin jinin nan. A raba yaran huɗu-huɗu, kowane kashi da babba ɗaya. Takalmi a ƙafa. Sabulu da ruwa a jarka don wanke hannu. Kafin la'asar sakaliya kowa ya koma gida.

A samo farin ludayin roba ko farar moɗa a ɗaure a bakin sanda mai tsawo. A matso a hankali, kar inuwa ta faɗa kan ruwan don da sun ga inuwa za su nutse, a ɗebo daga gefe inda ciyawa take. Ɗiba 10 a kowane wuri, ba 7 yau gobe 15 ba, in adadin ya bambanta ba za a iya kwatanta wuri da wuri ba. A ƙirga tsutsotsin da ke kowace ɗiba a rubuta.

Sai a zuba a farin faranti a jira ruwan ya natsu a kalli yadda suke kwanciya. Wadda ta kwanta a miƙe tana bin saman ruwa kamar an shimfiɗa tsinke, wannan 'yar sauron maleriya ce, wanda masana ke kira Anofilis, kuma ta fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke duka, irin na rami da sawun taya da gefen fadama. Wadda ta rataye kai ƙasa a karkace da ɗan bututun numfashi a wutsiya, yawanci ta sauron kwata ce, mai kuka a kunne ya hana barci amma ba ya ɗauke da maleriya. Cikin taya da gwangwani da randar da aka bari a buɗe kuma akan samu 'ya'yan baƙin sauron nan mai zanen fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ke yaɗa shawara. Wannan bambancin ya girgiza manyan unguwarmu fiye da yaran, don kowa ya ɗauka baƙar kwata ce uwar maleriya, ashe ɗan ramin da aka haƙa don kwaɓa ƙasar gini, mai ruwa garai-garai, ya fi ta ta'adi ta wannan ɓangaren.

A ɗebi kaɗan a kwalba da ruwan wurin, a rufe bakin da ƙyallen tsohon gidan sauro a ɗaure da roba, a ajiye a inuwa a aji. Kullum yara su zana abin da suka gani. Tsutsa za ta koma wani dunƙulallen abu mai kamar waƙafi, daga nan sauro ya fito ya maƙale a jikin ƙyallen. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi sati ɗaya zuwa biyu ba a zafi irin namu. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba sai an ce masa ya kifar da gwangwani ba. In an gama kar a buɗe, a saka kwalbar a rana su mutu. Ragowar ruwan faranti kuma a zubar kan busasshiyar ƙasa.

Mataki na shida: shiga gidaje

A nan yara suka fi mu. Gidan da aka rubuta "ba shiga" ni iyakata zaure, amma yarinya 'yar shekara 12 za ta yi sallama ta wuce har ɗakin uwargida, a ba ta tabarma. Sai dai wannan damar amana ce, don haka a yi mata shiri.

Tambayoyi shida sun isa, gajeru, da Hausar da ake yi a gida. Mutum nawa suka kwana a gidan nan jiya? Gidan sauro nawa ne a gidan? Nawa aka rataya jiya da dare? Wa da wa suka kwana a ciki? In yaro ya yi zazzaɓi ina ake fara kai shi, kemis ko asibiti ko jiƙo? A ina ake ajiye ruwa kuma a rufe yake? Lura da "jiya da dare". In ka ce "kuna kwana a gidan sauro?" kowa zai ce eh don kunya, alhali an yi shingen lambu da shi. Kuma kar tambaya ta zo da amsarta a goye, irin "ai kuna rufe randa ko?"

Kafin a fita yara su gwada a junansu, ɗaya ta zama Hajiya mai faɗa, ɗaya ta zama mai tambaya, a sha dariya a gyara. Sannan a gwada a gida uku. Mu a gwajin ne muka gano "mutum nawa ne a gidan nan" tambaya ce mai kawo rigima, wasu ba sa son ƙirga 'ya'ya, wasu gidan gandu ne mai sassa biyar, dole muka koma tambayar kowane sashe da tukunyarsa.

Wajen zaɓen gida kar a bar yara su zaɓa, gidajen ƙawayensu za su bi. A tsaya a bakin layi, a shiga gida na farko, a tsallake biyu, a shiga na gaba, har ƙarshe. Gidan da aka ce ba a so, a yi godiya a fita, a rubuta "ba su yarda ba", ba naci. Abin da yarinya za ta faɗa da ta shiga a haddace shi: "Salamu alaikum, Inna ina wuni. Daga makarantarmu ne, muna binciken sauro, mai unguwa ya sani. Tambaya shida ce, ba za mu rubuta sunanki ba, in ba kya so ba komai."

Ba suna a takarda, lamba kawai, G1, G2. Ba ɗaukar hoton mutum ko ɗakinsa. Abin da aka gani a gidan mutane a can ake barinsa, ranar da wani yaro ya fito yana ba da labarin gidan su wane ba su da katifa, ranar aikinku ya mutu a unguwar. Kuma yara ba likitoci ba ne, in an ce musu ga jariri ba lafiya abin da za su ce kawai a kai shi asibiti a yi gwaji, don ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Biyu-biyu za su shiga, babba na jira a ƙofar gida.

Masu waya babba za su ce me zai hana a yi da KoboToolbox, manhajar nan ta cike tambayoyin bincike a waya. Yana da kyau, kyauta ne, yana aiki ko ba data. Amma ni na fi son takarda da fensir a zagayen farko, don in waya ɗaya ce a rukuni to yaro ɗaya ne ke bincike sauran 'yan rakiya ne.

Mataki na bakwai: lissafi, su da kansu

Kar ka kwashe takardun ka tafi gida ka dawo musu da amsa, in ka yi haka ka mai da su 'yan aike. A baje komai a tabarma. Ɗaya na karantowa ɗaya na jan sanda a allo, huɗu a tsaye ta biyar a gicciye. A ce gida 40 aka shiga, 30 na da gidan sauro, amma 18 ne suka rataya jiya, sai yara su fitar da kashi cikin ɗari da kansu, 75 da 45. Ruwan sama kuma a jera murafun kwalba, kowane murfi milimita 5, sati-sati, kowa ya ga tsawon layin Agusta.

Sai ka yi musu tambayar da ta fi kowace wuya: me wannan bai nuna ba? Gida 40 a layi uku ba su ne Zariya ba. In layin da ya fi rami shi ya fi zazzaɓi, zai iya zama ramin ne, zai iya zama kuma layin ne ya fi yawan ƙananan yara. Yaron da ya iya cewa "Malam ba mu tabbatar ba tukuna" ya fi min wanda ya haddace littafi.

Mataki na takwas: a mayar wa masu shi

Mai unguwa farko, kamar yadda aka yi alkawari. Sannan taro biyu, na maza a ƙofar masallaci bayan la'asar, na mata a Islamiyyar matan aure. Yara ne za su riƙe kwalin su yi bayani, kai ka koma gefe ka kama bakinka, ko sun yi in'ina. A zo da kwalbar tsutsa a zagaya da ita hannu-hannu. Tsohuwar nan ta zaure da kaina na je na gayyato ta, ta zauna a gaba, da jikarta ta gama bayani ta ce, "To yau dai na ji abin da aka gano."

Daga nan a tsayar da abu ɗaya da za a yi, ba goma ba. Cike ramukan da suka fi tsutsa da ɓaraguzan gini, ko roƙon mai faci ya riƙa kife tayoyinsa ƙarƙashin rumfa. Bayan sati biyu a koma da ludayi, ɗiba 10 kamar da, a ga ko an samu sauyi. A kwafi sakamakon a shafi ɗaya a kai wa duba-gari a sakatariyar ƙaramar hukuma, ta Zariya ko ta Sabon Gari gwargwadon inda kuke, a kai ɗaya asibitin unguwa. In wani mai bincike ya nemi alƙaluman a ba shi, da sharaɗin ya ambaci yaran a matsayin waɗanda suka tattara, kuma ya dawo ya faɗa musu abin da ya yi da su.

Maganar kuɗi, kar ka yi alkawarin ko sisi, don da ka fara biya lambobi za su fara kyau fiye da kima. Kunu da ƙosai ranar fita, fensir, da 'yar takardar shaida mai sa hannun mai unguwa sun wadatar. In damina ta ɗauke a wanke gororin a adana, littafin kuma a damƙa shi hannun hedimasta ko wata uwa mai riƙon amana, a rubuta shekara a bangonsa, a bar shafin farko na sabon littafi da sunayen ƙannen da za su karɓi ma'aunin a watan Afrilu.